Zumunci a ƙafa yake: Yadda fitar iyaye mata ke riƙe da girkin biki da tarihin iyali a Abuja

Duk lokacin da Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, labaran da ke fitowa daga Abuja kusan iri ɗaya ne: farashin raguna a kasuwar Dei-Dei, tsadar shinkafa a kasuwar Wuse, da cunkoson matafiya a tashoshin Jabi da Zuba. Wadda ba a cika ambata ba ita ce dattijuwar da mafi yawan wannan hidima ke bi ta hannunta a cikin gida, wadda 'ya'ya ke kira Hajiya ko Inna ko Mama, jikoki kuma su ce Kaka.

Ita ce ta san gidan da za a fara kai wa kwanon abinci, da dangin da aka yi wa rasuwa bara da ya kamata a leƙa, da yadda wane ya haɗa jini da wance. Babu inda aka rubuta wannan sani. Yana rayuwa ne ta hanyar fitar da take yi zuwa kasuwa, gidan suna, gidan gaisuwa, masallaci ko majami'a. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, amma Abuja birni ne da aka tsara da mai mota a zuciya, kuma kowace shekara fita na ƙara yi wa mai shekaru 70 wuya. Idan ƙafarta ta tsaya, lafiyarta na raguwa, iyali kuma su yi asarar abin da ita kaɗai ke ɗauke da shi.

Su wane ne iyaye matan Abuja?

An kafa Babban Birnin Tarayya da Dokar Soja mai lamba 6 ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammad, sannan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. Wannan gajeren tarihi ya sa ana iya kasa dattawa matan birnin gida uku.

Na farko su ne 'yan asalin yankin, kamar Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da Ganagana. Da yawa daga cikinsu an haife su ne a ƙauyukan da yanzu suka zama unguwannin ma'aikata da masu hali. An kwashe mutanen tsohuwar Wuse zuwa Sabon Wuse da ke Jihar Neja, wasu al'ummomin kuma aka mayar da su Kubwa. Ga irin wannan dattijuwa, inda wani ke ganin shataletale ko ofishin gwamnati, ita gona take gani, ko rafin da ta ɗebi ruwa tana budurwa. Daga cikin matan wannan ƙasa ne Ladi Kwali ta fito, shahararriyar maginiyar tukwane da ta rasu a 1984, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20.

Na biyu su ne waɗanda suka iso suna ƙuruciya, ma'aikata ko matan ma'aikata da aka yi wa canjin wurin aiki daga Legas ko Kaduna a shekarun 1980 da farkon 1990. Sun zauna a gidajen gwamnati na Garki da Wuse da Karu da Nyanya lokacin da ciyawa ta fi gini yawa. Yau sun yi ritaya, kuma su ne ke iya ba da labarin yadda ake zuwa Suleja cefane. Garin Suleja shi ne ainihin mai sunan Abuja, kafin ya bar wa sabon birnin sunan, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau.

Na uku su ne waɗanda 'ya'yansu suka ɗauko daga Kano ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato, domin jinya, ko renon jika, ko gudun rashin tsaro a ƙauye. Waɗannan sun fi kowa shan kaɗaici. A gida sun saba da zaure a buɗe da maƙwabciya a bayan katanga, sai ga su a rukunin gidaje mai ƙofar ƙarfe da maigadi, inda kowa ke fita aiki da sassafe ya dawo da dare.

Girkin biki da ilimin da ke cikinsa

Abincin Sallah aiki ne na kwanaki. Wainar da za a ci da safiyar Ƙaramar Sallah tun jajibiri ake fara ta: a jiƙa shinkafar tuwo, a kai niƙa, a bar ƙullin ya kwana ya tashi, sannan a daidaita tsaminsa da ɗan ruwan kanwa kafin a ɗora tanda. Ba a auna wannan da cokali. Dattijuwa na gane ƙullin da ya yi daga ƙamshinsa da yadda yake zuba daga ludayi. Haka miyar taushe da ke raka waina ko sinasir ko funkaso: kabewa da gyaɗa da alayyafo da yakuwa, kowanne da lokacin shigarsa tukunya.

Akwai kuma kayan ajiya irin su alkaki da nakiya da dubulan da cincin, waɗanda ake tarbar baƙi da su har bayan Sallah. Nakiya, wadda ake haɗawa da garin shinkafa da zuma ko sukari da man shanu da kayan ƙamshi, tana daɗewa ba ta lalace ba, shi ya sa take cikin kayan garar amarya.

A Babbar Sallah aikin ya koma kan nama. An saba kasa naman layya uku, na ci da na kyauta da na sadaka, kuma uwar gida ce ta san wa zai samu cinya, wa zai samu haƙarƙari. Suyar nama har ya bushe a cikin kitsensa, da dambun nama da ake dafawa a daka a sake soyawa, dabarun adana abinci ne da aka gada tun kafin zuwan firji, kuma suna da amfani har yau a unguwannin da wutar lantarki ba ta tsayawa. A wasu gidaje ana ajiye wani ɓangare na ragon har zuwa ranar cika-ciki a watan Muharram.

A gidajen Kirista na Karu da Nyanya da Kuje, Kirsimeti na zuwa da shinkafa da miya da kaji da cincin, waɗanda suka fito daga Filato da kudancin Kaduna kuma sukan ƙara da faten acca. Musayar kwano tsakanin maƙwabta Musulmi da Kirista, wadda tsofaffin unguwannin ma'aikata suka saba da ita, galibi iyaye mata ne ke riƙe da ita.

Tsadar rayuwa ta taɓa duk wannan. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Gida da yawa sun rage yawan kwanukan da suke fitarwa, wasu kuma sun koma sayen waina da cincin daga masu sana'a. Saye na rage wahala, sai dai yana kawar da zaman da ake yi a gindin murhu, inda jika ke koyon girki tana jin labarin kakanninta, ana tsokanar juna irin ta kaka da jika, ana kuma magana da harshen gida a birnin da yara da yawa suka fi sakewa da Turanci.

Me ya sa fita ke da wuya?

Unguwannin Abuja sun yi nisa da juna, kuma manyan tituna ne suka raba su. Titin filin jirgin sama da na Kubwa kowanne na da layi goma. Mai son tsallakawa sai ta hau gadar masu tafiya a ƙasa, mai matakala da yawa, abin da ke gagarar mai ciwon gwiwa. A wurare da dama babu gefen titi na masu tafiya, inda yake kuma motoci ko 'yan tireda sun mamaye shi.

Abubuwan hawa masu sauƙin kuɗi ma an taƙaita su. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun watan Oktoban 2006, an hana ƙananan motocin bas shiga a 2013, sannan aka killace Keke Napep a wasu unguwanni da garuruwan kewaye. Hukumomi sun kafa hujja da tsaro da tsarin birni, amma manyan motocin bas da aka ce za su maye gurbi ba su wadata ba. Sakamakon haka, dattijuwar da za ta tashi daga Lugbe zuwa gaisuwa a Kubwa sai ta sauya mota fiye da sau ɗaya, tana tsaye a rana, tana gogayya da matasa wajen samun kujera.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara nauyin. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a Abuja a watan Oktoban 2024. Ga mai dogaro da fansho ko da abin da 'ya'ya suka ba ta, ziyarar da a da ake yi kowane mako ta koma ta wata-wata. Ga kuma fargabar ɓarayin da ke fakewa da motocin haya suna yi wa fasinjoji fashi, wadda ta sa iyalai da dama hana iyayensu fita su kaɗai.

Jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka ƙaddamar a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 saboda annobar korona, aka kuma dawo da shi a ƙarshen watan Mayun 2024. Yana da tashoshi 12, daga tsakiyar birni zuwa Idu da filin jirgin sama, da kuma reshen da ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei zuwa Gbazango a Kubwa. Zama a cikinsa ya fi na tasi daɗi ga tsoho, sai dai wasu tashoshin sun yi nisa da gidajen jama'a, kuma bai kai Nyanya da Karu ba, inda ɗimbin masu ƙaramin ƙarfi ke zaune.

Tafiya gida da yawon Sallah

A ranakun Sallah tsakiyar Abuja kan yi tsit, domin jama'a sun tafi garuruwansu. Ga dattijuwa, wannan tafiya ita ce damar ganin 'yan uwan da suka rage da gidan da aka haife ta. Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, da ya fara aiki a watan Yulin 2016 daga Idu zuwa Rigasa, ya sauƙaƙa wa tsofaffi tafiyar. Harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022 ya tsayar da shi har zuwa watan Disamban shekarar, kuma neman tikiti ta intanet na nufin sai an samu yaro ya taimaka. Hanyar mota ta Abuja zuwa Kaduna da Zariya da Kano kuwa tun 2018 ake aikin sake gina ta.

Waɗanda suka zauna ba su rasa wurin zuwa ba. Bayan an sauko daga Idi, iyalai kan nufi lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamban 2003, ko bakin tafkin Jabi, ko ƙauyen maginan tukwane na Ushafa a yankin Bwari. Masu son kallon hawan Sallah sukan wuce Dutsen Zuma su shiga Suleja. Tafiya ce ta yini ɗaya, amma a irinta ne kaka ke nuna wa jika inda suka fara zama da yadda wurin yake a da.

Batun lafiya da abin da doka ta tanada

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba masu shekaru 65 zuwa sama shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen da ke hana faɗuwa. Ga mafi yawan iyayenmu mata, tafiya kasuwa da makarantar Islamiyya da gidan maƙwabta ita ce motsa jikin. A 2023 hukumar ta kafa kwamiti na musamman kan kaɗaici, saboda alaƙarsa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon mantuwa da damuwa. Tun 2007 kuma ta fitar da jagora kan biranen da suka dace da tsofaffi, inda ta lissafa abubuwa masu sauƙi: kujerun hutawa a hanya, gefen titi mai kyau, isasshen lokacin tsallaka titi, banɗakunan jama'a, da motar haya mai araha.

A Najeriya akwai Dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2017, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2018, cibiyar kuma ta fara aiki a Abuja a 2021, shekarar da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar shiga mai sauƙi, abin da tsofaffi ma za su amfana da shi. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Abin da ya rage shi ne a ga tasirin waɗannan dokoki a tashar mota da ƙofar kasuwa da gadar tsallaka titi, musamman a Kubwa da Nyanya da Gwagwalada da Kuje.

Abin da ke hannun iyali

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da gida zai iya. Tsoron hatsari na sa wasu 'ya'ya su tsare uwa a ɗaki da kyakkyawar niyya, alhali abin da ya fi shi ne a ware mata kuɗin mota, a haɗa ta da jika ko direban da aka sani, a kuma sa rana guda a mako ta ziyara. A lokacin biki, mai hawan jini ko ciwon suga na buƙatar a rage mata gishiri da zaƙi da maiƙo, ba tare da an raba ta da tukunyar ba.

Ya kuma kamata a riƙa zama da ita ranar jajibiri da takarda ko waya a hannu, a rubuta yadda take haɗa ƙullin waina, a naɗi muryarta tana lissafa dangi da garuruwan da suka fito, a tambaye ta sunayen mutanen da ke cikin tsofaffin hotuna. Yara da yawa da aka haifa a Abuja ba su taɓa kwana a garin kakanninsu ba, kuma abin da za su sani game da asalinsu bai wuce abin da aka ji daga bakinta tun tana da ƙarfin faɗa ba.