Gidan Tarihin Birtaniya: Ku fara sauka ƙasa kafin yara su gaji

Mai karatu, idan Allah ya kai ka Landan da iyali kuka shiga Gidan Tarihin Birtaniya, abin da zai fara tarbar ku shi ne makeken tsakar gida mai rufin gilashi. Sai ka ɗauka haka aka gina shi tun asali, alhali ba haka ba ne.

A 1857 aka buɗe wani zagayayyen ɗakin karatu a tsakiyar filin, aka kewaye shi da ma'ajiyar littattafai. Shekara 140 masu ziyara ba su da hanyar ratsawa ta nan, sai dai su yi ta kewaye daga wannan ɗaki zuwa wancan. Da aka fara kwashe littattafan zuwa sabon ginin laburare a 1997, sai aka rushe ma'ajiyar, aka buɗe tsakar gidan ga jama'a a Disambar 2000.

Kayan Afirka ma sun sha ƙaura. A 1970, saboda ƙarancin wuri, aka ɗebe su tare da na wasu al'ummomi zuwa wani gini daban a unguwar Mayfair. Sai a 2001 suka samu mazauninsu na yanzu, wato Ɗaki na 25, wanda sai ka sauka ƙasa ta matakala kafin ka kai gare shi. A can za ka ga allunan tagulla na masarautar Benin, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwasa daga fadar Oba a 1897, kuma Najeriya take neman a maido mata.

Masar ma a Afirka take, amma manyan gumakanta da Dutsen Rosetta suna Ɗaki na 4, dab da tsakar gida, inda kowa ke bi. Ka ga ke nan, inda aka ajiye abu shi ke yanke yawan idon da zai gan shi.

Shiga kyauta ne, amma ƙafar yaro ba ta da haƙuri. Idan kuka bi ayarin jama'a, kafin ku tuna da ƙasa ƙaramin ya fara kukan yunwa, ku fito bai ga abin da maƙeran ƙasarsa suka ƙera ba. Don haka ku karɓi sabuwar taswira a ƙofa, ku nufi Ɗaki na 25 tukuna. Fir'auna zai jira.