Zafin Ƙwan Lantarki: Kuɗin da Ke Tashi a Banza

Duk wanda ya taɓa kai hannu zai kwance tsohon ƙwan lantarki mai hasken ruwan ɗorawa jim kaɗan bayan an ɗauke wuta, ya san yadda yake ƙuna. Wannan zafin kuwa mitar kamfanin YEDC, mai raba wuta a Taraba da Adamawa da Borno da Yobe, ta riga ta ƙirga shi, kuma maigida ne zai biya.

A cikin ƙwan akwai wani siririn zare na ƙarfen tungusten. Saboda sirantarsa, da ƙyar wuta ke ratsa shi, sai ya ɗau zafi har wajen digiri 2,500 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga irin haka: ƙarfe ya fara yin ja, in aka ci gaba da zuga ya koma fari fat yana haske. An zaɓi tungusten ne don ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400. Tunda zafi ne ke kawo hasken, ranar da wuta ta yi ƙasa a Sabon Gari ko Mayo Gwoi cikin Jalingo za ka ga ƙwan ya yi ja-ja, domin zaren bai samu zafin da zai yi fari ba.

Abin takaicin shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da irin wannan ƙwan ya sha, zafi take komawa. Ɗan ragowar ne hasken da kake gani. Fasaha ce ta zamanin Thomas Edison na Amurka da Joseph Swan na Ingila, tun wajen 1879, kuma Tarayyar Turai ta janye shi daga kasuwanninta tsakanin 2009 da 2012. Mu kuwa har yanzu ana saye don araha.

Ƙwan LED ba sai ya gasa komai ba kafin ya haska. Wani ɗan ƙanƙanen sinadari ne a ciki ke fitar da haske kai tsaye in wuta ta bi ta cikinsa. Masana uku 'yan asalin Japan da suka ƙirƙiro LED mai shuɗin haske, wanda ya buɗe hanyar samun farin ƙwan LED, sun ci kyautar Nobel a 2014. Ga lissafin da kowa zai iya yi da kansa. Gida mai tsofaffin ƙwaye goma masu wat 60, ana kunna su awa shida kullum, zai ci yunit 108 a wata. In ya sauya su da LED masu wat 9, waɗanda haskensu ɗaya ne da na farkon, yunit 16 da 'yan kai ne. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin A. A wancan farashin, ratar ta haura naira 20,000 a wata. Sauran rukunoni ba su kai haka ba, amma asara asara ce. Masu sola da batir ba sa buƙatar wannan wa'azin, dare ɗaya ya ishe su darasi. Waɗanda ake kawo wa bil na ƙiyasi ne ke barin ƙwan ƙofar gida yana ci har azahar, wai ai kuɗin ɗaya ne, alhali taransifomar unguwa ce ke ɗaukar nauyin. Ga kuma zafin Jalingo na Maris da Afrilu: fanka na ƙoƙarin sanyaya ɗaki, ƙwai na ƙara masa wuta, dukansu a kan mita guda.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne gobara. Gilashin ƙwai mai wat 100 yakan fi tafasasshen ruwa zafi. In aka ɗaura shi a holdar roba mai arha, a hankali robar ke gasuwa ta yi baƙi ta farfashe, wayoyi su haɗu. Kada a bar shi kusa da gidan sauro, labule, rufin ciyawa ko silin na kwali, kuma kada a rufe shi da ƙyalle don rage haske saboda jariri. 'Yan kasuwa, musamman masu atamfa da katifa a babbar kasuwar Jalingo, ku duba makunni kafin ku kulle shago ko da babu wuta. An ɗauke da yamma, an manta a kunne, a dawo da ita tsakar dare ba kowa, lokacin hunturu kuma komai a bushe yake.

Wuri ɗaya ne zafin nan ke da amfani: masu kiwon kaji na ɗumama 'yan tsaki da shi. Su kada su sauya zuwa LED don ɗumi, ba zai yi ba. Sai dai a rataye ƙwan da kyau, nesa da dusar katako da buhunan da aka kewaye akurki da su.

LED ma yana da nasa ɗan zafin, a gindinsa yake taruwa, kuma shi ne ajalinsa. In aka kulle shi cikin murfin da iska ba ta shiga, ba zai yi ƙarko ba. Wajen saye, wat yana nuna wutar da ƙwai zai sha ne kawai. Haske kuwa da lumen ake auna shi, kuma lumen 800 ya yi daidai da tsohon wat 60. Jabu ya yi yawa, mai lambobin ƙarya a kwali, don haka a nemi mai shago ya gwada a gabanka.

Farin ƙwan nan mai murɗe kuma akwai zaiba a cikinsa, guba ce. In ya fashe, a fitar da yara, a buɗe taga na ɗan lokaci, a kwashe ɓaraguzan da kwali a ƙulle a leda, ba da hannu ba.