Girkin Bakin Gona: Gasasshiyar Tarwaɗa da Dankali Mai Mazarƙwaila

Duk mai kwana gadin kifi ko kaji a Kurmin Kogi da sauran ƙauyukan Ikara ya san ba kullum ake samun mai kawo abinci daga gida ba. To, murhun duwatsu uku da ɗan itace sun isa.

A fara da tarwaɗa. A cire kayan ciki, a wanke santsinta da toka ko lemon tsami, a tsattsaga jikinta, a shafa yajin ƙuli da man gyaɗa. Kar a ɗora ta kan harshen wuta, baya zai ƙone ciki na ɗanye. A bari itace ya zama garwashi, a riƙa juyawa har naman ya saki ƙaya. Sai a yanka tumatir da albasa a kai, tunda Ikara gidan tumatir ce.

Abin zaƙi kuwa, a binne dankalin Hausa cikin toka mai zafi kamar minti 40, a ɓare, a barbaɗa mazarƙwailar Maƙarfi da soyayyar gyaɗa.

Amma fa a kula. Kifin da aka ba magani ba na gashi ba ne sai kwanakin da aka rubuta jikin maganin sun cika. A kuma hura wuta nesa da ɗakin kaji, don dusar katako da leda ba sa jira, musamman da iskar hunturu. Kafin a kwanta, a rufe garwashin da ƙasa.