"WAI WANE MA HAKA YAKE?" YADDA GULMAR 'YAN FIM TA BIYO NI HAR GIDA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda kuka saba gani a littattafaina. Abin da ya faru da ni ne, ni da bakina, kuma na daɗe ina jin nauyin rubuta shi, domin kuwa duk inda aka juya labarin ni ce mai laifi a ciki. Amma na ga in na yi shiru wata ma za ta faɗa ramin da na faɗa.

Bara ne, bayan an gama cire albasa, muka tashi daga Jega zuwa Maiyama bikin wata 'yar uwarmu. Daren ƙunshi muna ɗaki mu wajen goma sha biyar, ƙafafu da hannaye duk a ɗaure cikin leda, babu mai iya motsi sai baki. Can sai wata yarinya da ba a kai ga sa mata lalle ba ta ɗaga waya ta ce, "Kai jama'a! Kun ga sunayen da anka fitar?"

Muka ce sunayen me? Ta ce wai na 'yan fim da mawaƙan da ake zargi da neman maza, da kuma matan da ake zargi da maɗigo. Ta shiga karantowa ɗaya bayan ɗaya, kowane suna ta kira sai ɗakin ya ɗauki salati. Wannan ta ce, "Wai wane ma?" Waccan ta ce, "Ni dama tun da na ga tafiyarsa na san da walakin." Wata ta ce ai shi ya sa har yau bai yi aure ba, da aka ce mata yana da mata da 'ya'ya sai ta ce ai rufa-rufa ce. Wato dai wanda bai yi aure ba an kama shi, wanda ya yi ma bai tsira ba.

Ba zan ambaci suna ko ɗaya daga cikin waɗanda aka karanta ba, don in na ambata na zama mai tallar abin da nake kuka da shi. Abin da zan gaya muku shi ne, babu wadda ta tambayi wa ya rubuta sunayen, a ina ya gani, su waye shaidunsa. Ni kaina ban tambaya ba. Dariya na yi ta yi har da hawaye.

Ana cikin haka wata ta ce, "Ai ba sai an tai Kano ba, ko nan kusa Aliero akwai su." Sai ta kawo zancen 'yar gwaggona da aminiyarta.

Bari in gaya muku yadda yaran nan biyu suke. Tun suna firamare suke tare. Mahaifiyar ƙawar ta rasu tana ƙarama, don haka kusan a ɗakin gwaggona ta tashi: kwanonsu ɗaya, ankonsu ɗaya, in an aiki ɗaya kasuwa ɗayar na biye da ita. Irin ƙawancen nan ne da iyayenmu suka yi, wanda ƙawa ke riƙe wa ƙawarta asiri har tsufa, ranar aure ita ce babbar ƙawa, ranar suna ita ce kan gaba. Ni kuwa 'yar gwaggon nan taubashiyata ce, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ba ta ma zo bikin ba. Sai kawai na buɗe baki, da sunan wasan taubasai, na ce, "Ai ni ma na daɗe ina mamakin wannan ƙawance, ko miji da mata sai haka."

Aka yi shewa, aka wuce wani zancen. Wallahi kafin gari ya waye na manta na faɗa.

Hausawa suka ce magana zarar bunu ce. Bayan mako uku ina tsakar gida ina wanki sai ga gwaggona ta yi sallama, ko mayafinta ba ta daidaita ba. Na durƙusa zan gaishe ta, ta ɗauke kai ta shige ɗakin Inna. Ba a jima ba Inna ta ƙwala mini kira.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi munka yi miki?"

Na ce, "Gwaggo, me ya faru?"

Ta ce, "Dangin yaron sun aiko a dakata da maganar sa rana. Sun ce zance ya fito, kuma ba daga bakin bare ba, daga bakin 'yar uwarta ta jini wadda ta san cikin gidan. Ke kin gani da idonki?"

'Yan uwa, ban taɓa jin ƙasa ta yi mini nisa irin ta ranar ba. Ashe maganar da na yi a Maiyama ta riga ni hawa mota. Ta je Aliero, ta shiga gidan biki ta fita gidan suna, kowa ya ɗora mata nasa, har ta zama wai ni na kama su da idona na kuma rantse. Wasan da na yi ya faɗi a hanya, sunana kaɗai ya isa.

Inna ba ta daka ni ba, ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Kin yi karatun Islamiyya, kin yi na boko, har littafi kike rubutawa mutane na saye. To tashi ki ɗauko mini Alƙur'ani ki buɗe Suratun Nur."

A nan ne na sake karanta abin da na sani tun ina yarinya amma ban taɓa ɗora shi a kaina ba. Aya ta 4 ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace mai kamun kai da alfasha bai kawo shaidu 4 ba, kuma a daina karɓar shaidarsa. Daga aya ta 11 kuma labarin ƙagen da aka yi wa Nana A'isha ne, Allah ya ƙara mata yarda, wanda aka yi kusan wata guda ana yawo da shi a Madina kafin Allah ya wanke ta. Inna ta tuna mini cewa cikin waɗanda suka yaɗa zancen har da Misɗahu, ɗan uwan mahaifinta Sayyidina Abubakar wanda shi ke ciyar da shi, da kuma mace, Hamnatu 'yar Jahshi. Ba su suka ƙirƙiro ba, ji suka yi suka ƙara gaba, amma hakan bai kuɓutar da su ba. Suratul Hujurat kuma, aya ta 6 ta umarce mu da bincike in an kawo mana labari, ta 12 ta hana mu yawan zato da bin diddigin asirin mutane da cin naman juna.

Kowa ya san matsayin addininmu a kan luwaɗi da maɗigo, ba shi na zo koyarwa ba. Abin da muke mantawa shi ne, addinin nan dai shi ne ya gina katanga mai tsawo tsakanin bakinmu da mutuncin mutane. Ko da abu gaskiya ne ba a ba mu aikin leƙe da tallatawa ba, balle abin da muka tsinta a waya.

Kuma kada ku ɗauka wannan kalma ce mai sauƙi a ƙasar nan. Jiharmu ta Kebbi na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. A watan Janairun 2014 shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. A cikin watan nan dai, a garin Bauchi, taron jama'a suka yi ta jifan wata kotu da duwatsu saboda an kawo wasu maza da ake tuhuma, tun alƙali bai gama sauraron shaidu ba, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Ku duba fa, tuhuma ce kawai. Wato kalmar da muke jefawa muna dariya da lalle a hannu, tana iya kai mutum gidan yari, tana iya tara masa taron da ba ya tambayar hujja.

Waɗanda suka girme mu za su tuna abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2007. Labari ya cika gari, har gidajen rediyon ƙasashen waje suka ɗauka, wai wata mata ta auri mata huɗu a wani gidan wasa, wai kuma 'yan fim ne. Aka rushe wurin da aka yi taron, matan suka ɓuya. Bayan 'yan kwanaki matar ta yi magana da BBC ta ce sam ba aure aka ɗaura ba, biki ne na tara gudummawa don a taimaka wa matan su auri mazajen da ke nemansu. To amma ginin ya riga ya faɗi. Har yau in ka tambayi mutane, labarin farko suke tunawa, kaɗan ne suka ji na biyun.

Su kansu hujjojin da muke kafawa a kan 'yan fim, in mun zauna mun auna su, abin dariya ne. Wai ya iya fari da ido a fim. To ba sana'arsa ke nan ba? Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, ya fito a ɗan daudu a fim, mutane suka yi dariya suka watse, kamar yadda ya fito a wasu kamannu barkatai. Wanda ya fito a ɓarawo ba mu kai shi wurin 'yan sanda, wadda ta fito a mayya ba mu hana ta ɗaukar jariri. Me ya sa sai a wannan ne wasa ke zama shaida? Wai yana shafa mai, wai muryarsa siririya ce, wai kullum tana tare da ƙawarta. In haka ne, wace ce a cikinmu za ta tsira?

Ko a ƙasashen Turawa, inda wasu taurarin ke fitowa da bakinsu su faɗi yadda suke, ba a ɗauki ƙage da wasa ba. A shekarar 2003 wata kotu a Amurka ta yanke a biya ɗan wasan nan Tom Cruise dala miliyan 10, bayan wani mutum ya yi iƙirarin sun yi hulɗa da shi. Shi yana da lauyoyi da dukiyar da zai bi haƙƙinsa. Taubashiyata fa? Ba ta da kowa sai gwaggo da hawayenta.

Washegari Inna ta sa ni gaba muka hau mota zuwa Aliero. Duk buhunan albasar da ke jibge a bakin hanya da warinsu ban ji ba, saboda abin da ke cikina ya fi su yaji. Garin nan ya yi suna wajen ɗori, daga nesa ake kawo wanda ya karye a haɗa masa ƙashi ya tashi. Ina cikin motar ina cewa a raina, ina ma akwai mai ɗorin abin da na karya.

Muka je gidan su yaron. Na durƙusa gaban mahaifiyarsa da ƙanin mahaifinsa na ce, "Baba, Inna, ni na faɗi maganar nan, kuma wallahi wasan taubasai ne, ban taɓa ganin komai ba, ban taɓa jin komai ba." Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Mun ji, ɗiyata, kuma mun yarda da ke. Amma mutanen gari fa? Bi za ki yi gida gida ki gaya musu?"

Ban da amsa. Auren nan bai yiwu ba.

Taubashiyata ta yi wata huɗu ba ta ɗaga wayata. Ranar da ta yarda muka zauna, ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Na yafe miki maganar miji, wataƙila dama ba rabona ba ne. Wadda kika raba ni da ita ce ban san yadda zan yi ba." Domin tun da zancen ya fito ƙawar ta ɗauke ƙafa daga gidan, don kada a ƙara samun abin faɗi. Yarinyar da ta tashi marainiya ta samu uwa a ɗakin gwaggo, yanzu in sun haɗu a hanya sai dai su gaisa daga nesa kamar baƙi. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har gobe.

Kuma na lura ba su kaɗai ba ne. Ƙanwata da ke makarantar kwana ta ce mini yanzu 'yan mata na tsoron riƙe hannun juna a hanyar aji, in biyu suka cika zama tare sai a fara ƙus-ƙus. Zargin da muka koya a kan mutanen da ba mu taɓa gani ba sai a talabijin, shi ne muka juyo da shi kan na kusa da mu. Bakin da ya saba da cewa "wai wane ma" ba ya tsayawa a Kano, wata rana sai ya ce "wai wance ma", kuma wancen tana iya zama ke.

Don haka ƙannena, ga abin da na ɗaukar wa kaina, in kun ga da amfani ku ɗauka. In an turo mini irin sunayen nan ba na buɗewa, ba na turawa, gogewa nake yi. In an fara zancen a gabana, tambayar gwaggo nake yi: kin gani da idonki? Za ku sha mamakin yadda ɗaki ke yin tsit. In kuma wasa ya zo bakina, sai in tuna cewa ni na san wasa nake yi, amma wadda za ta ɗauka ta kai gaba ba da dariyar za ta tafi ba.

Su ma 'yan fim da mawaƙan nan 'ya'yan wasu ne. Suna da iyaye mata da ke jin abin da ake faɗa, suna da 'ya'yan da ke zuwa makaranta a nuna su da baki. Ban san su ba, ba su san ni ba, amma na ci namansu a daren nan, kuma ina roƙon Allah ya yafe mini, su ma su yafe mini.

Taubashiyata ce ta ba ni izinin rubuta wannan, da sharaɗin kada in faɗi sunanta. Da na karanta mata sai ta ce in ƙara layi ɗaya, ko Allah zai sa ƙawarta ta gani: har yanzu gwaggo na zuba tuwon dare da rabonta a ciki.

Allah ya tsare mana harsunanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum, daga Jega.