Zariya Ba Ta Tsaya A Bakin Ganuwa Ba

Akwai wata fahimta da ta daɗe a bakin mutane, wai Zariya ita ce abin da ganuwa ta kewaye kawai. Duk wanda ke zaune a wajenta, in a Tudun Wada yake sai a ce baƙo ne, in kuwa a Dutsen Abba ko Dambo yake sai a ce mutumin ƙauye ne da ya raɓu da gari. Masu wannan magana ba ƙiyayya ce ta sa su faɗa ba, kuma suna da abin kafa hujja. A cikin birni fadar Sarkin Zazzau take. Nan ne masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, nan ne tsofaffin zaurukan karatu irin na Juma da Kona. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da wannan daraja. Sai dai amincewa da cewa birni shi ne cibiya daban, cewa shi kaɗai ne Zariya kuma daban. Magana ta biyun ce nake ganin tana buƙatar gyara.

Mu fara da tarihin ƙasar kanta. Masarautar Zazzau ta girmi birnin da muke gani a yau. Labaran da aka gada sun nuna cewa sarakunan farko sun zauna a Turunku, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Igabi, sannan a gindin dutsen Kufena, kafin gari ya tsaya a inda yake. Duk wuraren nan biyu a wajen ganuwa suke. Mutanen da suka fara zama a nan duwatsu suka bi domin tsaro, suka bi fadamun Galma da Kubanni da Saye domin noma da kiwo. Wanda ya ce na waje ba Bazazzagi ba ne, ya fitar da tushen masarautar daga cikinta ba tare da ya lura ba.

Na biyu, tsarin mulki na yau. Ƙaramar hukumar Zariya tana da mazaɓu 13. Shida ne na cikin birni: Kwarbai A da Kwarbai B da Kaura da Unguwar Juma da Limancin Kona da Unguwar Fatika. Sauran bakwai ɗin, wato Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur da Kufena da Dambo da Wuciciri da Dutsen Abba, a waje suke. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 400,000, kuma manomin Dutsen Abba yana cikin wannan adadi daidai da ɗan Kwarbai. Ƙuri'arsa ɗaya, kansilansa ɗaya, shugaban ƙaramar hukumarsu ɗaya.

Na uku, batun asali, wanda shi ne ya fi jan hankali. Ana ɗauka cewa mutanen birni jini ɗaya ne tun fil'azal, na waje kuma tarkace ne daga ko'ina. Tarihi bai goyi bayan haka ba. A farkon ƙarni na 19 ne Malam Musa ya karɓi garin da tutar Shehu Usmanu, Sarkin Haɓe Makau ya fita ya nufi Zuba, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda a yau ake kira Suleja. Tun daga lokacin gidaje huɗu ne suke sarauta: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Gidan Malam Yamusa, wato Barebari, ta Barno ya biyo, gidan Abdulkarimu, wato Katsinawa, daga ƙasar Katsina. Marigayi Shehu Idris, wanda ya yi mulki daga 1975 zuwa 2020, daga gidan Katsinawa yake, Sarki Ahmad Nuhu Bamalli kuma daga Mallawa. Idan zuwa daga wani wuri yana hana mutum zama ɗan gari, to fadar kanta ba za ta tsira ba. Gaskiyar magana ita ce Zazzau ta ginu ne da karɓar mai zuwa, ya zauna, ya yi aure, jikokinsa su tashi Zazzagawa.

Na huɗu, a tambaya wa ya raba mutane haka. Bayan Turawa sun shigo a 1902, hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, sai suka tsara zama bisa manufarsu. Sabon Gari aka ware wa ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu, Tudun Wada kuma aka ba 'yan Arewan da ba 'yan birni ba. Tsari ne na sauƙaƙa mulki da karɓar haraji. An fi shekara ɗari da yinsa, kuma akwai gidaje a Tudun Wada da aka haifi kaka da uba da jika a cikinsu. Ci gaba da kiran irin waɗannan baƙi riƙe ma'aunin da ba namu ba ne.

Na biyar, a duba abubuwan da suka ɗaukaka sunan garin. Kamfanin Gaskiya, inda Abubakar Imam ya yi aikin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, a wajen ganuwa yake. Haka Kwalejin Barewa da harabar jami'a ta Kongo. Wusasa, inda Yakubu Gowon ya tashi, a waje take. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ma a Samaru take, cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari. Duk da haka ba mu taɓa jin nauyin cewa Zariya birnin ilimi ce ba. Bai kamata mu karɓi yabon da waje ya jawo mu ƙi mutanen wajen ba.

Abin da ya sa wannan gyara ya dame ni shi ne illarsa a aikace. Wurin da ba a ɗauke shi gari ba, shi ake mantawa in an zo rabon hanya da asibiti da malaman makaranta da jami'an tsaro. Alhali masara da dawa da kayan miyar da ake sauke wa kasuwannin gari daga irin gonakin Dambo da Dutsen Abba suke fitowa, kuma gari yana faɗaɗa ne zuwa wajensu kullum. Don haka ina roƙon mai karatu, musamman malamai da 'yan jarida da masu riƙe da hukuma, in za a yi lissafin Zariya a lissafa da mazaɓunta duka, a kuma yi wa kowace kasafi gwargwadon mutanen da ke cikinta.