Baƙon Kwana Biyu a Zariya: Daga Samaru Zuwa Cikin Ganuwa

Wata ranar Alhamis, bayan mun sallame sallar Asuba a masallacinmu da ke Samaru, wani dattijo ya matso ya yi mini sallama. Daga Gusau ya zo, ya rako 'yarsa da ta sami gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, tare da mahaifiyarta da ƙannenta biyu. Sun kammala abin da ya kawo su, ranar Asabar da safe za su juya. Ya ce da ni, "Allah gafarta malam, shekarata sittin da ɗoriya ina jin sunan Zariya, ban taɓa taka ta ba sai wannan karon. Kwana biyu ke gare mu. Ina da ina ya kamata mu gani?"

Irin wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurin duk wanda yake zaune a Samaru. Lokacin rajistar sababbin ɗalibai da lokacin bikin yaye su, garin yakan cika da iyaye daga Sakkwato da Maiduguri da Ilori da Maraɗi. Abin da yake damuna shi ne mafi yawansu sukan koma gida ba su ga komai ba sai babbar ƙofar jami'a da tashar mota. Ɗaliban ma da yawansu haka suke. Na san waɗanda suka yi shekara huɗu a nan, suka karɓi digiri, ba su taɓa shiga Ƙofar Doka ba, alhali idan an tambaye su sai su ce a Zariya suka yi karatu.

Abu na farko da na gaya wa dattijon shi ne Zariya ba gari ɗaya ba ce. Garuruwa ne da aka jera a kan hanya guda, kowanne da zamanin da ya haife shi. Samaru ta tashi ne a kan aikin binciken noma da Turawa suka fara a nan a 1922, sannan jami'ar da aka buɗe a watan Oktoba na 1962 ta mayar da ita abin da take a yau. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo shi, bayan layin dogo ya iso Zariya a 1911. Daga nan sai Tudun Wada a tsallaken kogin Kubanni, sannan birni na cikin ganuwa, wanda ya riga su duka da ɗaruruwan shekaru. Wanda ya sauka a Samaru ya nufi fada, kamar yana karanta littafin tarihi ne daga shafin ƙarshe zuwa na farko. Tsakanin gefen biyu ya haura kilomita 10, kuma hanyar ta ratsa Palladan da Kwangila, inda cunkoson manyan motoci kan cinye wa mutum lokacin da bai yi tanadinsa ba. Don haka duk wanda ya rubuta wurare goma a takarda ya ce zai gan su a yini guda, a cikin keke napep zai ƙare yininsa.

Shawarata ita ce a kafa tsarin a kan lokutan salla, domin su ne turakun da ba sa gusawa. Tsakanin hantsi da Azahar zango ne, tsakanin La'asar da Magariba wani zango ne, kowanne kuma ba ya ɗaukar fiye da wuri ɗaya ko biyu idan ana so a gani da natsuwa. Tsakar rana ta hutu ce da cin abinci, musamman in akwai yara ko tsofaffi a tafiyar. Baƙon kwana biyu ke nan zango huɗu gare shi, sai ya zauna ya raba su tun da dare.

A nan ne ya kamata a tuna hukuncin matafiyi, domin yana sauƙaƙa tsarin. A mazhabar Imamu Malik, wanda tafiyarsa ta kai buridi huɗu, wato kimanin kilomita 80, kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, zai yi ƙasaru a salloli masu raka'a huɗu. Wanda ya taso daga Gusau ko Kano ko Katsina ya shiga ciki babu shakka. Amma idan ya bi limami mazaunin gari, sai ya cika tare da shi. Ita kuwa 'yar da aka kawo karatu, tun da ta shigo da niyyar zama, hukuncin mazauni ne a kanta daga ranar farko. Na sha ganin iyali sun ruɗe a kan wannan, uba yana ƙasaru ɗa yana kwaikwayonsa, alhali shi ɗan ya zo ne ya yi zangon karatu sukutum.

Na ce da dattijon ya ba birni ranar Alhamis, tun da sassafe, ya bar Juma'a ga Samaru da Sabon Gari. Dalili shi ne ranar Juma'a harabar fada takan cika tun kafin rana ta take, kuma mai son ya tsaya ya duba gini ko ya yi tambaya ba zai sami sarari ba. Wanda burinsa ganin jama'a da dawakai da 'yan algaita ne, to shi Juma'ar ce tasa, ko ma ya jira Hawan Salla.

Idan an shiga ta Ƙofar Doka, yana da kyau a sauka a tsaya ko da minti goma ne. Ganuwar ta zaizaye a wurare da yawa, gine-gine sun ci wasu sassanta, amma abin da ya saura ya isa ya nuna wa yaro yadda mutanen da suka tara ƙasa da hannu suka kewaye gari da gonakinsa. Sunayen ƙofofin kansu darasi ne: Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona, Ƙofar Tukur-Tukur, Ƙofar Jatau, Ƙofar Kibo. A nan ne yara za su tambayi labarin Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, wadda ake jingina mata ganuwoyi da dama a ƙasar Hausa. Sai a gaya musu abin da aka ruwaito a matsayin ruwaya, kada a ƙara masa gishiri.

Daga nan sai fada. Ƙofarta mai zanen launuka ita ce hoton da kowa ya sani na Zariya. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Malam Musa ne ya karɓo tuta ya ci birnin, Sarki Makau ya fice ya yi kudu, 'yan'uwansa suka kafa masarautar da a yau ake kira Suleja. Tun daga lokacin sarautar Zazzau take zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Marigayi Alhaji Shehu Idris ya riƙe ta daga 1975 har rasuwarsa a watan Satumba na 2020, aka naɗa Mai Martaba Malam Ahmed Nuhu Bamalli a watan Oktoba na shekarar. Fada gida ce da ake zaune a ciki, kuma ofis ce da ake aiki, saboda haka ba a kutsawa. A gai da dogarai, a faɗa musu daga inda aka zo, a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto, a tsaya inda suka ce a tsaya.

Abin da na fi so baƙo ya ba lokacinsa shi ne babban masallacin Juma'a da ke gefen fada. An gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma maginin shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Muhammadu Durugu. Da ƙasa da azara kawai ya ɗaga ginshiƙai masu kauri, ya lanƙwasa bakan gizo daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, ya ɗora tulluwa a kansu, ba ƙarfe ba siminti. Masana gine-gine daga ƙasashe daban-daban sun zo sun auna shi sun yi rubutu a kansa, har an gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabo domin a kare shi. Sai ga shi ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, wani sashe nasa ya rufta ana cikin sallar La'asar, bayin Allah suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Tun daga lokacin maganar sake gina shi ta taso, don haka mai niyyar zuwa ya tambayi mutanen wurin inda aka yarda a shiga da inda aka killace, ya kuma bi abin da suka ce. Ko daga waje ya tsaya, ya gaya wa 'ya'yansa sunan wanda ya gina shi. Kunya ce a gare mu yaranmu su san sunan wanda ya zana hasumiyar Faris, ba su san Babban Gwani ba.

Akwai wani abu a birni da ba a ganinsa daga kan titi, shi ne zaurukan karatu. Tun da daɗewa ana yi wa Zazzau shaidar nahawu da lugga, almajirai suna baro garuruwansu su zo Unguwar Kona da Unguwar Juma domin su. Har yanzu akwai zaurukan da ake buɗe littafi bayan Asuba da bayan La'asar. Ɗalibin ilimi da ya zo Zariya bai zauna a ɗayansu ko da darasi guda ba, ya yi asarar da hoto ba ya mayarwa. Sai dai zauren malami ba wurin kallo ba ne. A nemi wanda ya san gidan ya yi jagora, a je a lokacin da aka saba karɓar baƙi, a zauna a bayan ɗalibai har a shafa fatiha, sannan a gaisa a taƙaice. Mata su tambaya tun kafin a tashi ko akwai inda za su zauna a cikin gida, kada a bar su tsaye a rana a ƙofar zaure.

A hanyar komowa, in da sauran ƙarfi, sai a bi ta Tudun Jukun a ga ginin Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, Alhaji Abubakar Imam yana editanta. Kusa da nan Kwalejin Barewa take, wadda ta faro a Katsina, ta zauna a Kaduna, sannan ta tare a Zariya a 1949. Waɗannan daga mota ma za a iya nuna su. Dutsen Kufena da Wusasa kuwa na ce da dattijon ya bar su sai wani zuwan, domin hawan dutse da yara da tsohuwa bayan yinin birni neman wahala ne.

Safiyar Juma'a ta Samaru ce. Abin mamaki, iyaye da yawa ba sa zaga jami'ar da za su bar 'ya'yansu a ciki. A ga ɗakin kwanan ɗalibai, a ga tsangayar da yaro zai yi karatu da nisan da zai riƙa takawa kullum, a ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, a ga masallaci, a san inda asibitin makaranta yake. Wannan ya fi yawon buɗe ido, haƙƙi ne na amana. Uwar da ta ga wuraren nan da idonta, in 'yarta ta kira ta ce tana wuri kaza, ta san abin da ake nufi. A kuma sani cewa masu karatun shari'a da harkokin mulki a Kongo suke, can gefen Tudun Wada, asibitin koyarwa kuma yana Shika. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma in ya halarta ta isar masa, kuma babu dalilin da zai sa mai lafiya yana cikin gari ya bari ta wuce shi.

Zango na ƙarshe, bayan La'asar, na Sabon Gari ne. Mutane sukan ɗauke shi wurin sayayya kawai, amma tsohuwar tashar jirgin ƙasa da gine-ginen kamfanonin Turawa na wajen PZ suna ba da labarin auduga da gyaɗa da fatu da aka riƙa lodawa daga nan. Daga Zariya layin dogo ya rabu ya nufi Gusau da Ƙaura Namoda, abin da ya sa dattijon ya yi murmushi, domin ya ce kakansa a jirgin ya fara barin gida. A nan Bayarabe da Ibo da Banufe da Bahaushe suka yi maƙwabtaka fiye da shekara ɗari, masallaci da coci suna kallon juna a wasu tituna. Baƙo ya kiyaye harshensa, ya kiyaye aljihunsa a cikin kasuwa, ya kuma gama ciniki da mai keke kafin ya hau. Tsaraba a saye ta a wannan zangon, kada a yi yini biyu ana jan ledoji. Mai son babbar riga ko hula ta aikin hannu kuwa, tun yana birni ya kamata ya tambaya, domin can masu allurar suke.

Saura magana ɗaya da nakan faɗa wa iyaye a keɓe. Sau da yawa mai masaukin baƙo a Samaru ɗalibi ne ko ƙaramin ma'aikaci, kunya ba za ta bar shi ya ce ba shi da kuɗin mota ko yana da lacca ba. Girmama baƙo wajibi ne, amma shari'ar da ta yi umarni da shi ita ce ta hana baƙo ya ƙuntata wa mai gida. Na san ɗalibin da kuɗin abincinsa na wata ya tafi a yawon kwana biyu da 'yan'uwansa, bai faɗa wa kowa ba sai da yunwa ta kawo shi masallaci. A tambayi mai jagora lokacin da yake da sarari kafin a yanke rana, a biya kuɗin motarsa da abincinsa ba tare da an jira ya nema ba.

Ranar Asabar da Asuba dattijon ya sake zuwa ya yi mini bankwana. Ya ce sun ga ganuwa da fada da masallaci, sun zauna a zaure ɗaya, ruwan sama ya hana su Tudun Jukun. Ƙaramin ɗansa kuma, in ji shi, ya sa an rubuta masa sunayen ƙofofin birni a bayan littafinsa, yana ta tilawarsu tun daren jiya.