Awa Nawa Ce Tsakanin Birnin Kebbi da Jidda?

Idan alhazai suka dawo gida, akan ji wata magana a zaurukan unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, har zuwa Argungu: wai tafiya Jidda awa bakwai ce, amma dawowa awa uku kacal. Mai faɗin haka bai yi ƙarya ba, agogo ne ya ruɗe shi.

Daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa Jidda, miƙaƙƙiyar hanya kimanin kilomita 3,800 ce. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. Idan aka raba nisa da gudu, za a sami awa huɗu da 'yan kai. A ƙara lokacin hawa da na sauka, sai lissafi ya kusanci awa biyar.

To, ina sauran awa biyun suka fito? Duniya tana juyawa digiri 360 cikin awa 24, watau digiri 15 a kowace awa, ko minti 4 a kowane digiri. Jidda tana gabas da Birnin Kebbi da kimanin digiri 35, don haka rana takan kai tsaka a can minti 140 kafin ta kai a nan. Hukumomi sun daidaita wannan rata, agogon Saudiyya ya riga na Nijeriya da awa biyu cif. Alal misali, jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe zai sauka ƙarfe 3 na rana agogon gida, alhali na Jidda yana nuna 5 na yamma. A dawowa kuwa abin yakan juya. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai lura da lokutan salla, ko mai shan magani a kan ƙa'ida, domin shi jiki agogonsa daban, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya bi sabon lokaci.

Iska ma tana da nata rabon. Da damina akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas can sama, wadda kan rage wa jirgi mai nufar Jidda sauri, ta kuma tura mai dawowa.

Duk wannan lissafi ya dogara ne ga samun miƙaƙƙiyar hanya, wadda ta ratsa Nijar da Cadi da Sudan kafin Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru.